Gilashin Mai Agogo

Shekara arba'in Mai Agogo yana kan ɗabi'a ɗaya. Ba ya taɓa agogon mutum sai ya cire ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido, ya miƙa wa mai kaya ya ga ɓarnar da kansa. Da wannan ya fi duk masu gyara na layin, kuma ya sani.

Ran Talata idonsa na dama ya yi jawur, kamar an zuba masa yashi. Bayan kwana uku na hagu ya bi sahu. Ya ci gaba da aiki yana sharar hawaye, sai da allurar agogo ta fara rabe masa biyu ya bar babbar 'yarsa ta kai shi asibiti.

Likitar ba ta girmi 'yar ba. Ta tambaye shi ko kwantsa mai kauri yake tashi da ita ko ruwa ne zalla. Ya ce ruwa. Ƙaiƙayi? Kaɗan. Mura? Ta zo ta wuce. Likitar ta taɓa gaban kunnensa, ta samu kaluluwa. Ta ɗiga masa wani ruwa, ta haska fitila, ta daɗe tana kallo.

Ta ce da bakteriya ce da ta ba shi magani a gama cikin mako, amma alamu duk na bairas ne, kuma ya bar ɗigo-ɗigo a kan baƙin idon. Ciwon zai tafi da kansa. Dishi-dishin kuwa zai iya kai watanni.

"Wata nawa?"

"Ban sani ba, Baba. Akwai abin da kuke sawa a ido, ku da wasu?"

Ya ce babu.

"Baba, gilashinka fa?" in ji 'yar.

Sai ya tuna wani direba mai jan ido da ya leƙa agogonsa ta gilashin. Ya tuna waɗanda suka leƙa ta gilashin bayan direban, mutum tara ko goma. Bai san gidan ko ɗaya ba.

Da suka koma, 'yar ta wanke gilashin ta kulle a aljihun tebur. Agogo shida na jiran gyara. Ya lalubi ɗaya ya kara a kunne. Ya ji inda ciwon agogon yake sarai. Ya ajiye.