Damin Tata a Zagayen Falanko

Kana wurin ranar zagayen gari, kuma ka gani. Ka sunkuya kana gyaran takalmi har aka wuce ƙofar Tata, don haka kada ka ce ba a gaya maka ba.

A Falanko idan an gama yankan gero akan yi zagayen gari. Gajere makaɗi a gaba, 'yan kokawa a bayansa, mata na rangaɗa guɗa. Kowace ƙofa ganga za ta tsaya, maigida ya fito da dami guda na abincin biki, Gajere ya kira sunansa, gari ya amsa. Gidan da aka kira shi ake yi wa gayya a shekarar, ko ginin rumbu ko noma. Wanda ba a kira ba, shi da hannuwansa biyu.

Tata ta san haka. Shekara uku ke nan da ita da mijinta Aghali suka gangaro daga arewa bayan awakinsu sun ƙare, suka kama hauya. Bara an kira Aghali. Bana, 1926, sojan Nasara sun tafi da shi aikin hanya tun tsakar damina. Rumbunsu ya tsage, geron na jibge a ƙasa, gara ta fara shiga.

Da hantsi ta ɗauko dami mafi girma ta tsaya a ƙofa. Gajere ya iso, ya sassauta kiɗa.

"Matar Buzu, ina maigidan? Ko ke ce kika naɗa rawani bana?"

"Rawanin na hanya yana fasa dutse, Gajere. Ga damin. Kira sunan."

"Kai, dami har dami! Ya fi na wasu masu gemu."

Aka yi dariya. Gajere ya ɗaga sandar kiɗa, sannan ya waiga wajen Maigari Ila.

"Ganga ba ta kiran wanda ba ya tsaye," in ji Maigari, ba tare da ya dube ta ba.

"Baba Maigari, ranar da ka ba da sunansa aka tafi da shi, ai a tsaye yake," in ji Tata.

Guɗa ta tsaya. Binta maƙwabciyarta ta ja mayafi ta rufe baki. Maigari ya yi nuni da sanda, Gajere ya buga, taro ya gangara ƙofar Garba mahauci, inda aka kira suna har sau biyu. Tata ta jima da dami a ka, sannan ta sauke shi ta koma ciki. Da la'asar aka yi kokawa, an ce ta yi kyau.

Jiya na bi ta gidan Tata. Tana kwaɓa laka ita kaɗai, ginin sabon rumbu bai kai gwiwa ba, ruwan kuma daga rijiyar bayan gari take ɗaukowa. Gobe da sassafe ka ɗauki tulu biyu ka je ka taya ta, ka biya ka taso ƙanenka.