Furfurar Evaristo

"Tsaya mana, tsoho! Kana ta mutsu-mutsu kamar mai ƙwarƙwata," in ji Casilda, tana cusa baƙin man takalmi cikin gashin mijinta da wani tsohon buroshi.

Ina Evaristo zai iya tsayawa! Kunnensa na wajen jiniyar kamfanin nama. Tun yana saurayi yake fiɗar shanu a kamfanin nan na bakin kogi, har lokacin da kasuwar duniya ta karye, jiragen Turai suka ɗauke ƙafa, aka yi ta sallamar mutanen garinsu, Berisso. Tun daga nan kullum da sassafe sai ya je bakin ƙofa ya shiga taro, heluma, shugaban ma'aikata, ya fito ya nuna waɗanda za su yi aikin ranar. Kowa kuwa ya san yatsan heluma ba ya sauka a kan mai furfura.

Wuƙaƙensa na fiɗa na kan tebur, naɗe cikin tsumma. An sayar da agogo, keken ɗinkin Casilda ya bi shi, su kaɗai suka rage, mahaucin kasuwa kuma ya daɗe da ƙyalla ido a kansu. Jiya Evaristo ya yi alkawari da bakinsa: in yau ba a ɗauke shi ba, zai kai wa mahaucin su. Kamfani ba ya ba kowa wuƙa, da taka kake shiga. Mai fiɗa in ya rabu da wuƙarsa, ai ya gama yawo.

"To, ga angon," in ji Casilda, ta miƙa masa ɓallin madubi.

Ya duba, kunya ta kama shi har wuya. Ya kurɓi shayin mate da aka maimaita ganyensa har ya zama ruwan zafi kawai, ya soke wuƙaƙen a ɗamara, ya fita.

A bakin ƙofa mutane sun yi cincirindo, ga sanyi, ga warin jini da kitse na tasowa daga magudana. Stanko, maƙwabcinsa ɗan Bulgeriya, wanda shi ne ya ba da dabarar, ya hango shi ya kwashe da dariya.

"Kai, samari! Ina ka baro babanka?"

"Rufe min baki, uban 'yan dabara. Kai me ya sa ba ka shafa ba?"

Stanko ya ɗaga hula, ga sanƙo tal. "A shafa a ina, ɗan'uwa? Sai dai a goge ya yi ƙyalli."

Evaristo bai yi dariya ba. Ya kutsa gaba, aka turo shi baya, ya sake kutsawa. Ya cire hula don a ga baƙin kai, ya mayar, ya sake cirewa. Ya miƙe ƙirji kamar soja, bayansa na masa ciwo.

Jiniya ta yi kuka, ƙofa ta buɗe. Sai ga wani heluma daban, baƙo, mai jan gashin baki, wanda ba wanda ya taɓa gani. Ya hau akwati ya ƙare wa taron kallo.

"Jiya yara sun huda mana fatu, sun ja mana asara!" ya ce da ƙarfi. "Yau ba na son ɗanyen kai a wajen fiɗa. Tsofaffin hannu nake nema. Masu furfura, ku cire hula in gani!"

Wuri ya ɓarke da hayaniya. Tsofaffin da aka saba turewa baya suka yi ta ɗaga huluna, wani ya yi ihu, "Da tsohuwar zuma ake magani!" Yatsa ya fara sauka. Kai. Kai. Kai mai farin gemu.

"Ni ma! Maigida, ni ma tsoho ne!" Evaristo ya ɗaga wuƙaƙensa sama. "Kafin a haifi yaran nan nake fiɗa a nan!"

Heluma ya dubi baƙin kan nan mai sheƙi, ya taɓe baki. "Wuƙar babanka ka ɗauko? Ja can."

"Na rantse furfura ce! Stanko, faɗa masa!"

Stanko na can baya yana ta kururuwa, amma wa zai ji shi cikin wannan hayaniya? Evaristo ya kama hula ya shiga dirzar kansa kamar mahaukaci. Ya tofa yawu ya ƙara dirza. Man nan da Casilda ta cusa da zuciya ɗaya bai fita ba, sai dai ya dame da gumi, ya gangaro masa goshi da kumatu. Samarin da ke kusa suka fashe da dariya, wani ya ce a ba shi takalmi ya goge da fuska. Kafin ya ɗago, an rufe ƙofa.

Bai nufi gida ba. Ya bi titin kasuwa, ya wuce shagon mahauci, ya dawo, ya sake wucewa. Ya je bakin kogi ya tsaya, ya ga tsayuwa ba ta yi masa ba. Baƙin ciki kamar ya kashe shi. Sai da rana ta take ƙafafunsa suka kai shi gida.

Casilda ta ga fuskarsa, ta ga wuƙaƙen a ɗamara. Stanko ya riga ya kawo labari. Ta ɗora ruwa, ta zaunar da shi a kujerar ɗazu, ta shiga wanke masa kai da sabulun wanki, baƙin ruwa na zuba a kwano.

"Garin gyaran gira mun rasa ido," ya ce. "Bari in huta in kai wa mahaucin. Alkawari alkawari ne."

Ta zare ƙunshin daga ɗamararsa ta tura ƙarƙashin gado. Ta jawo bargon aurensu daga kan katifa, ta ninke shi ta ajiye a bakin ƙofa.

"Wannan za a kai a sayar. Sanyi ya kusa wucewa. Gobe da furfurarka za ka je."

"In kuma gobe baƙin kai suke nema fa?"

Casilda ta tsane masa kai da gefen zanenta, ta ɗauki gwangwanin man takalmin da ta jefar a kwandon shara, ta goge shi, ta ajiye kusa da sabulu.