Abin da Ba Ya Cikin Takarda

Wata bakwai Halima Sa'adiyya ta yi tana koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata da ke Roni, aikin sa kai. Ranar Alhamis kwamiti zai zo daga Dutse ya duba ɗakin kwamfutar, kuma daga abin da suka gani za a san ko a ɗauke ta aiki ko ta koma gida.

Da ta zo, kwamfutoci ashirin ta tarar, kowace a zaune kamar baƙuwa, ba mai magana da 'yar'uwarta. Ita ta ɗora wata manhaja a kan babbar kwamfutar da ake kira saba, mai raba wa kowace adireshi idan an kunna ta. Mako uku tana gyara saitin, tana kwafe kowane layi a littafinta. Ranar da suka haɗu, har sujjadar godiya ta yi a bayan ƙofa.

Laraba da hantsi Kawu Daudu ya shigo. Yayan mahaifiyarta ne, shi ke riƙe da mukullin ɗakin, shi kuma ya roƙa mata gurbin. Takardar ɗan kwangila ce a hannunsa, jerin duk abin da aka kawo.

"Karanto min abin da ke cikin injin nan, 'yar nan."

Ta karanto, yana bi da biro. Da ta zo kan abin da ta ɗora, biron ya tsaya.

"Wannan fa? Babu shi a nan."

"Ni na saka, Kawu. Shi ke haɗa su."

"Ke kika saka! To sannu injiniya. Shekarata ashirin da shida a aikin gwamnati. Abin da ya ɓata ana iya cewa ya lalace. Abin da ya ƙaru kuwa, sai an tambayi wanda ya ba da izini. Cire shi."

"Ku yi haƙuri, Kawu, idan aka cire..."

"Sa'adiyya, musu za mu yi?"

Ta sunkuyar da kai. Cirewa iri biyu ce: akwai mai barin saiti, akwai mai share komai. Ta fara rubuta wa sabar umarnin ta farkon.

"Ki wanke shi tas," in ji shi. "Kada su ga ko sawunsa."

Sai ta goge, ta rubuta na ta biyun. Sabar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ita kaɗai ce ta tambaye ta. Ta danna.

Kwamfutocin da ke kunne ba su nuna komai ba, don suna riƙe da adireshinsu na safe. Kawu ya yi dariya. "Kin gani? Ina abin ya mutu?"

Washegari aka kunna su a gaban kwamiti. Ko ɗaya ba ta ga 'yar'uwarta ba. Shugaban kwamitin ya duba takarda, komai cif, ya duba allo, ya tambaya wa ke kula da ɗakin.

"Yarinyar nan ce, ranka ya daɗe," Kawu ya ce. "Koyo take yi, a yi mata uzuri."

Shugaban ya ja layi a kan sunan Halima.

Da motarsu ta ɗauki hanyar Kazaure, Kawu ya leƙo yana kaɗa mukulli.

"Mayar da abin nan naki kafin ki tafi. Litinin yara na da darasi."

Ta ciro littafin daga jaka, ta buɗe shafin farko.