Rubu'in Burodi

Shekara biyu kafin mulkin kai, Issa, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, ya samu gurbin karatu a Faransa, yana son ya koyi Rashanci a can. Ya tafi Matankari wurin kawunsa Mahmuda, tsohon soja mai jin harshen.

"Kawu, nawa ka biya malaminka? Mai araha nake nema."

Mahmuda ya sunkuyar da kai. A sansanin fursunoni na Jamusawa ya koya, lokacin yaƙin duniya na biyu, wurin wani malami ɗan Rasha da yunwa ta mayar ƙashi da fata. Mutumin ya nemi rabin burodin Mahmuda kullum a matsayin lada. Mahmuda ya taya rubu'i, yadda ake yi a kasuwar Dutsi, yana jiran ya ce albarka don ya ƙara. Sai mutumin ya karɓa nan take, har da godiya. Mahmuda ya gane yunwa ce ta hana shi ciniki, amma bai ƙara ba. A wata na huɗu malamin ya mutu.

"Kawu, da tsada ne?"

"Da araha ƙwarai," in ji Mahmuda, bai ɗaga kai ba. "In ka samu malami, ba shi abin da ya faɗa. Kada ka taya."