Motar da Ba a Turawa

A rumfar masu albasa Madam Ummul-Khairi ta fara jin maganar, kuma a kan motarta ake yin ta. Wai mota in an ƙero ta otomatik, akwai wata ƙwaƙwalwa a cikinta da Turawa sunka rufe. Ranar da anka cire mata bwat ɗinta na canza gudu anka sa na hannu, ranar za ta yi shiru, ba ta ƙara tashi. Wai Harouna mai gyaran wutar mota ya faɗa tun farko, ba a ji ba. Matar da ke ba da labarin ba ta san mai motar ce tsaye a bayanta tana latsa albasa ba.

Shekara talatin da ɗaya Madam ta yi tana koyar da lissafi a lakwal, kuma ba ta taɓa ba da maki ga amsar da ta fara da "wai" ba. Ta ajiye albasar, ta gyara gilashinta, ta nufi garaji.

Motar a-kori-kura ce fara. Ɗanta Khalidu ya aiko mata ita daga Kwatano don kwaso albasa daga gonarta ta Madécali. A kan kwalta ba ta da laifi. Amma da ta shiga rairayi da kaya, sai bwat ɗin, wato akwatin da ke canza mata gudu, ya ɗau zafi ya ƙi ja. In kuma batir ya mutu, ba a tura ta ta tashi kamar sauran motocin gari. 'Yan kabu-kabu sun taɓa tura ta daga bakin kasuwa har ofishin duwan, wato kwastan, sunka yi gumi a banza, tun ranar kowa ya haddace cewa farar motar Madam ba a tura ta. Bara albasa ta kwana huɗu a gona tana jiran mota, rabi ta ruɓe.

Shi ya sa ta kai ta wajen Na-Allah makaniki, tsohon ɗalibinta da ya gudu daga aji uku, ta ce ya sa mata bwat na hannu. Ya samo shi daga wata irinta da ta yi hatsari. Sati uku yana kwance a ƙarƙashi: ya ɗaura bwat, ya ƙara feda ta uku ta ambareyaj, wato kuloci, ya huda ƙasan motar ya fito da sandar bitas ta canza gudu, ya kai kardan, ƙarfen da ke juya tayoyin baya, wajen mai walda anka daidaita tsawonsa. Ya murɗa makulli, fitilun gaban direba sunka kama, amma inji ko tari bai yi ba. Ya canza batir. Ya canza demarar, abin da ke tayar da inji. Wata guda ke nan. Harouna ya ƙi zuwa ya duba, sai dai ya aiko da gargaɗi cewa duk wanda ya taɓa waya da ƙarfe zai ƙone ƙwaƙwalwar, don haka Na-Allah ya naɗe hannunsa.

Tana hanya Khalidu ya kira. Ya samu wani mutumin Gaya mai sayen matattun motoci yana yanka su yana sayar da kayan, jibi da safe zai zo. Ya roƙe ta ta haƙura, ta bar mutane su daina yi da ita. Ta ce mutumin ya zo jibin, amma yau da gobe nata ne.

Ta iske Na-Allah zaune kan taya, garajin ba kowa. Ya miƙe ya rusuna kamar wanda bai yi aikin gida ba. Ta zaga motar sau ɗaya, ta sa ya lissafa mata duk abin da ya gwada, tana lanƙwasa yatsu. Da ya gama ta tambaye shi ko ya tura ta.

"Madam, wagga mota ba a tura ta. Kowa ya sani."

"Don mi?"

"Don otomatik ta."

Ta dube shi ta saman gilashi. "To kai, sati ukun ga, mi ka yi ƙarƙashinta?"

Na-Allah ya leƙa cikin motar. Ya dubi sandar bitas da shi da kansa ya dasa, ya daɗe yana dubanta.

'Yan kabu-kabu na hutawa a gindin dogon yaro a bakin titi. Babbansu Yacouba ya ce a yafe musu, bayansa bai manta wancan turin ba, in Inna tana son zuwa wani wuri ga babur kyauta. Sauran sunka yi dariya. Madam ta zaga bayan motar. Ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta ɗora tafuka biyu a bayan motar, ta fara turi ita kaɗai, tsohuwa mai jikoki tara. Dariyar ta tsaya. Kafin ta ja numfashi na biyu maza shida sun kewaye ta, Yacouba yana roƙonta don Allah ta matsa kada a ce a gabansu anka yi.

Na-Allah ya sa bitas na biyu ya danne feda. Motar ta gangaro titi, ta ɗan yi gudu, ya saki ƙafa. Ta yi tsalle ɗaya, ta yi tari, ta fesa baƙin hayaƙi, sai ga inji yana ruri. Ta kuɓuce daga hannun masu turi, Yacouba ya kife a rairayi yana dariya. Na-Allah ya je har kwanar masallaci ya juyo, ana jin yana canza bitas ɗaya bayan ɗaya, uku, huɗu, babu ko ƙara.

Hayaniyar ta fito da Harouna daga shagonsa. Ya tsaya hannu a baya ya ce turi ba tashi ba ne. A kashe ta a gwada makulli. Anka kashe, anka murɗa, shiru. Ya tambayi Madam ko maza shida za ta riƙa ɗauka zuwa Madécali duk tafiya. Mutane sunka zaci za ta yi fushi. Ta ce masa ai tunda ta fito yau, wannan ce tambaya ta farko mai kyau da ta ji.

A aljihun gaban motar akwai littafi da Faransanci, har yanzu cikin ledarsa, shekara biyu babu wanda ya buɗe. Ta tafi da shi gida, ta zauna a inuwar zaure bayan la'asar da jan biro, tana bi layi-layi yadda take bin takardun jarrabawa. A shafi na tamanin da wani abu ta ja layi biyu. An rubuta cewa inji ba ya tashi da makulli sai sandar otomatik tana kan alamar tsayawa.

Washegari da hantsi ta karanta wa Na-Allah, ta fassara masa. Sannan ta tambaye shi ta yaya motar ke sanin inda sandar take, tunda ba ido gare ta ba.

Na-Allah ya miƙe. Ya tafi bayan garaji inda tsohon bwat ke yashe ƙarƙashin kwano, ya goge gefensa da tsumma. Ga wani ɗan baƙin abu kamar gwangwanin kifi, da bakin da waya ke shiga. Ya tuna da wayar. Tana nan ƙarƙashin motar, shi ya ɗaure ta da robar taya, don sabon bwat ba shi da wurin da za ta shiga. Ya kwance ɗan abin, ya shige ƙarƙashi ya jona shi, ya juya shi da yatsa zuwa alamar tsayawa. Ya fito ya fid da bitas, ya buɗe ƙofa.

"Madam, ke za ki murɗa."

Ta hau da ƙyar saboda gwiwa, ta yi bisimilla, ta murɗa. Inji ya tashi tun kafin ta saki makullin. Ta kashe ta sake, ta kashe ta sake, har sau biyar, don amsa ɗaya ba ta isa hujja ba.

Na-Allah ya bi wayoyin da ƙwan gwaji har ya ware biyun da ke da aikin. Ya ce ba zai haɗe su kai tsaye ba, kada wani ya murɗa makulli motar na cikin bitas ta afka wa mutane. Zai kai su ƙarƙashin fedar ambareyaj ya sa ɗan maɓalli, sai an taka za ta tashi. Madam ta ce da haka ya yi tunani a aji uku da bai gudu ba. Yana cikin murɗa wayar da haƙori sai ga Harouna, wanda ya jima yana leƙe ta saman katanga. Harouna ya ce ba haka ake haɗa waya ba, ya ture shi, ya fiddo dalmarsa ya durƙusa.

Mutumin Gaya ya iso ranar da anka ce, da kayan yankansa. Inda motar ta yi wata guda ya iske tabon mai da sawun taya. Tun asuba sun tafi. A rairayin da ke kama ta bara Na-Allah ya sauko bitas na biyu, motar ta ratsa da buhu ashirin da biyu a bayanta, Madam na riƙe da ƙofa tana cewa ya ƙara wuta. Da azahar sunka shigo kasuwa, 'yan kabu-kabu na biye suna busa oda, Yacouba a gaba yana buɗe hanya har rumfar masu albasa.

Matar nan mai labari ta matso ana sauke kaya, ta tambayi Hajiya wane malami ya buɗe mata ƙwaƙwalwar motar. Madam ta sauko a hankali, ta karkaɗe zanenta.

Ta ce mata babu abin da anka rufe a motar. Waya biyu ne sunka rabu ranar da anka cire tsohon bwat, jiya anka haɗa su.