Kwabon da Na Hana a Buga

Jiya da dare mafarki ya ɗauke ni aiki a gidan buga kuɗi na farko na wata ƙasa da ba ta daɗe da samun tuta ba. Shugaban gidan bunsuru ne mai tabarau. Ya karɓe ni da mutunci, ya cinye takardar kama aikina, ya ce ta shiga fayil ke nan.

Ya yi mini bayani cewa a ƙasarsu shekara ba ta shigowa sai an buga kwabonta. Bara sun buga kwabo dubu arba'in da anini dubu tara, bana ko ɗaya. Shi ya sa ruwan sama ke tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, don ba shi da shekarar da zai sauka a ciki. Aikina shi ne in sa maƙerin gidan ya gama kwabon bana.

Sai ga ni a maƙera. A can hujin kwabo ake fara ƙerawa, a shanya shi ya bushe, sannan a kewaye shi da jan ƙarfe. Maƙerin kuwa mahaifina ne, Malam Sallau, cikin rigarsa mai ƙunar gawayi, yana sassaƙa lambar shekara a jikin hatimi. Lamba ɗaya ta rage masa. Na leƙa, na ga shekarar da ya rasu ce.

Na yi abin da jami'a ta koya mini, na kafa kwamiti. Na ce sai an binciki ingancin guduma. Na ce lambar bakwai da ya sassaƙa ta karkace. Na aika wa bunsuru rahoto shafi talatin, ya yi godiya, da ma bai karya kumallo ba. Baba dai yana ta zuga wuta, yana tambayata ko har yanzu ina tsoron zakara, ko na gyara rufin ɗakin Inna. Na ce ana kan nazari.

"Iro," ya ce, "digiri biyu gare ka, amma ƙarya ɗaya ba ka iya ba."

Na roƙe shi a bar shekarar nan a waje, na ce ta bara ma ba mu gama morarta ba.

Ya nuna mini ƙofa da haɓa. Mata masu ciki ne zaune a jere, duk suna wata na goma sha huɗu. Cikinsu har da matata Hansatu, da cikin 'yarmu ta fari, tana fifita da ajandar kwamitina.

"Yarinyar can shekararta take jira. Riƙe mini hatimin. Kuma kada ka runtse ido, kullum sai ka runtse."

Na riƙe. Hannunsa na kan nawa, da ɗuminsa da kaushinsa. Ban runtse ba. Ya ɗaga guduma.

Ƙarar cokali a gindin tukunya ce ta tashe ni. 'Yar tawa ce a kicin, tana kankarar ƙanzon shinkafa.