Hatimi Arba'in

Ranar da aka ba da dogon hutu, Konomi ko takalmi ba ta gama cirewa ba kakarta Tokiko Kuwabara ta miƙo hannu.

"Kawo wayar."

"Baachan," in ji Konomi, don haka take kiran kakarta, "Mama za ta kira da yamma."

"Ta kira mana, wa ya riƙe mata hannu? Kawo."

Ta karɓa, ta jefa a durowar da take ajiye magungunanta, ta murɗa makulli. Sannan ta rataya wa yarinyar katin motsa jiki a wuya, irin wanda ake raba wa yara a makaranta, mai gida-gida arba'in. Kullum ƙarfe shida da rabi na safe yaran unguwa ke taruwa a filin bayan wurin ibada, rediyo ya saki kiɗa, a yi ta miƙe hannu da lanƙwasa baya na minti goma, sannan a yi layi a buga wa kowa hatimi. Bana kuwa hatimin yana aljihun Tokiko, don ita matan unguwa suka zaɓa.

"Gida arba'in, hatimi arba'in," in ji ta. "Ranar da ya cika ki karɓi abarki. Aka samu gida ɗaya babu komai, sai kuma hutun baɗi."

Shekarun Konomi tara. Tun da auren iyayenta ya mutu, uwarta Yurika ta koma birnin Osaka tana aiki a gidan kula da tsofaffi, uban kuma yana jirgin kamun kifi, sai ya yi wata uku bai taka ƙasa ba. Abin da ya rage mata na uwa shi ne kiran nan na yamma. Lambar ma ba ta haddace ba, wa ke haddace lamba yanzu? Tokiko, wadda ita ta haifi uban, ta san duk wannan sarai, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa sunan Yurika ma ba ta son ji a gidanta ba.

Konomi ta yi kwana biyu tana karɓar hatimi cikin kuka, a na uku ta share ido ta saita agogo. Ita ce ta farko a fili, ita ce ta farko a layi. Jan furen hatimin ya riƙa hawa katin ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana ƙirgawa da yatsa safe da yamma.

Mata suka dinga yabo. "Kuwabara-san, wane magani kika yi wa jikarki?" in ji Hiraoka, maƙwabciyarsu mai shagon tofu, wato awara. "Nawa in ba ka fizge wayar nan ba, ko sunansa ka kira ba ya ji."

"Ni ina na san magani?" Tokiko ta ce tana gyara tabarau. "Abin nan ko inda ake dannawa ban sani ba. Kullewa kawai na iya."

A rana ta goma sha ɗaya tsohuwar ta tashi da fara'ar da ba a saba gani ba. Ta buga hatimin a hankali, ta shafa kan Konomi, a hanyar gida kuma ta saya mata ƙanƙara mai jan zaƙi, babban kofi. Konomi ta sha har harshenta ya rine. Ta ce a ranta ashe Baachan ma tana da tausayi, kunya ce ke hana ta nunawa. Daɗin wannan tunani ya ɗauke ta har kwanaki.

Ta fita a ruwan sama. Ta fita da ciwon ciki, tana lanƙwasawa tana cije leɓe. Kati yana cika, fuskar Tokiko tana ɗaurewa.

Safiya ta talatin da tara, hasken rana ne ya tashe ta, ba agogo ba. An danne maɓallin, kuma ba ita ta danne ba. Ta fita a guje da kayan barci, ta iso fili an riga an kashe rediyo, yara na watsewa.

"Baachan, agogon ne..."

"Agogo ke motsa jiki ko ke?" Tokiko ta rufe hatimin, ta sa a aljihu a gaban kowa.

"Haba Kuwabara-san, minti nawa ne?" in ji Hiraoka. "Dubi ƙafarta, ko takalmi babu."

"In na buga wa tawa ba ta yi ba, gobe naki ma zai zo da tasa hujjar."

Hiraoka ta juya za ta tafi. Amma da ta zo wucewa ta sunkuya kamar mai gyara safa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kono-chan, 'yan bakin ruwa da kaset suke yin nasu, sai ƙarfe bakwai."

Tsakanin filin da bakin ruwa tafiya ce mai kyau, kwalta kuma ta fara ɗaukar zafi. Konomi ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba. Ta isa an kai rabi, ta shiga bayan layi tana haki, ta ƙarasa tare da su. Wani dattijo ya dubi tafin ƙafarta da ya fashe, ya buga mata hatimin shuɗin kifi a gida na talatin da tara.

Washegari ta miƙa katin a gaban iyaye da yara. Tokiko ta daɗe tana kallon kifin.

"Hatimi ai hatimi ne," in ji Hiraoka da ƙarfi don kowa ya ji. "Waɗanda suka je hutu garin dangi ma na can suke kawowa, muna karɓa."

Mata suka gyaɗa kai. Tokiko ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba, ta buga na arba'in. Aka yi tafi, aka ba Konomi fensir da kwalin lemo.

A gida Tokiko ta buɗe durowa ta ajiye wayar a kan tabarma, ta shige kicin. Konomi ta ɗauka, tana shirin neman caja. Sai ta ga batir a cike, bayan kwana arba'in a kulle.

Saƙonnin Mama suna nan. Na farko da wasa: ina 'yar malalaciyata ta shiga? Na kwana uku da damuwa. Na mako guda da roƙo, ga kira ashirin da ba a ɗauka ba. A ƙarƙashinsu kuma akwai amsa, daga ɓangaren Konomi, da sunan Konomi. "Ki daina kirana. Ina jin daɗina a nan. Ke kika tafi, ni ba ni da uwa."

Rubutawa tsohuwar ta iya, gogewa ce ta gagare ta, shi ya sa ta danne agogo don kada katin ya cika.

Mama ta amsa bayan awa ɗaya. "Na ji. Kin yi gaskiya. Ba zan ƙara damun ki ba. Ki riƙa cin abinci sosai." Daga nan babu komai.

Konomi ta kira. Wata murya mai ladabi ta ce lambar ba ta aiki. Ta sake kira, muryar ta sake faɗa, ladabin bai ragu ba.

Ta dubi kwanan watan saƙon, ta ɗago katin da ke wuyanta ta bi da yatsa. Gida na goma sha ɗaya. Jan furen ya zauna daidai tsakiya, ya fi duk sauran fitowa.

"Kono-chan," Tokiko ta kira daga kicin, murya a sake. "Sa takalmi mu je in saya miki ƙanƙara. Irin jan nan da kike so ko?"